Na gaji da zama 'yar aike tsakanin maigida da ɗansa na fari

Umman Abba:

Assalamu alaikum. Tambayata ga malamai ce da kuma iyaye, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da tsawonta.

Maigidana yadi yake sayarwa a Kantin Kwari. Mutumin kirki ne, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Cefane bai taɓa yankewa ba, sallarsa a jam'i, bai taɓa ɗaga min hannu ba. 'Ya'yanmu biyar. Babban namiji ne, shekararsa 19, sunan mahaifin maigida aka mayar, shi ya sa muke ce masa Abba. Ni ma da fari ina yi wa yaron kara irin ta ɗan fari. Da muka bar gidan gado na cikin gari muka koma namu a sabuwar unguwa, babu kaka babu goggo, sai na ga in ban ja shi a jiki ba babu mai jan sa, na ajiye kunyar a gefe. Shi maigida bai ajiye tasa ba. Sunan yaron biyu ne a bakinsa: "kai" in yana gabansa, "yaron nan" in ba ya nan.

Ga yadda magana take tafiya a gidanmu. Alhaji yana falo zai ce min, "Ki faɗa wa yaron nan ya rage zaman majalisa da daddare." Abba yana tsakar gida yana wanke babur, a kunnensa aka faɗa, amma sai na fita na maimaita. Shi ma ya ce, "Umma, ki ce wa Baba tayar baya ta mutu." In saƙo ya yi ɗaci na rage masa ɗaci kafin na kai, in amsa ta yi zafi na bari ta huce. Har ta kai yanzu babu wanda ya san ainihin abin da ɗaya ya ce a kan ɗaya sai ni. Muna da zauren WhatsApp na gida, kuma Alhaji ya fi kowa turo abu, yau wa'azi gobe addu'ar Juma'a, yara su yi layi suna rubuta "Amin Baba". Autarmu kuwa, mai shekara 6, a cinyarsa take cin abinci tana jan gemunsa. Kun ga ba wai bai iya wasa da ɗa ba ne.

Abin da ya kawo ni nan shi ne, Abba ya ci JAMB, ya samu gurbin karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Alhaji ya ce, ta bakina, ya haƙura ya zauna a shago. Dalili? Babu. Abba ya ce, ta bakina, ya ji ya bi, amma tun daga ranar yaro ya daina cin abincin dare a gida. Da safe zai tsuguna, "Baba ina kwana." "Lafiya." An gama.

Na ce, "Alhaji, don Allah ka kira shi ku zauna, ko da ba za ka sauya magana ba." Ya ce, "Ni zan zauna ina ciniki da ɗan cikina? Kunya tana daga imani. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa tambayata me nake so ba, kuma ban lalace ba."

To malamai, wannan kunyar addini ce ko al'ada? A Islamiyyar matan aure mun karanta wasiyyar Luƙman ga ɗansa, ni dai ban ga inda ya aiki matarsa ba. Sannan ni da nake ta kai gwauro ina kai mari a tsakaninsu, gyara nake yi, ko kuwa aikena ne ya sa ba su da bukatar su kalli juna?

Malamin Islamiyya:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya daidaita tsakani.

Hadisin da Alhaji ya kawo ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai kunyar da ake yabo ita ce wadda take hana mutum aikata abin ƙi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ke nan akwai inda kunya take tsayawa. Ƙin kiran sunan ɗan fari al'adarmu ce, Hausawa da Fulani, kuma in ta tsaya a kan suna kawai babu wanda zai ce zunubi ce. In ta kai uba ya kasa yi wa ɗansa nasiha baki da baki, ta shiga gonar wani haƙƙi.

Ki buɗe Suratus Saffat aya ta 102. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ga a mafarki yana yanka ɗansa, kuma mafarkin annabawa wahayi ne. Yaron ya tasa har ya fara iya fita aiki tare da shi. Bai je ya ce da Hajara ki shirya min yaron nan ba. Shi da kansa ya ce, ya ɗana, na ga ina yanka ka a mafarki, duba ka gani, me ka gani? Yaron ya ce, ya babana, aikata abin da aka umarce ka, in Allah ya so za ka same ni cikin masu haƙuri. Wannan yaron a wajen mafi yawan malamai Annabi Isma'il ne, shi ne kuwa ɗan farin Annabi Ibrahim, wanda aka samu bayan tsufa. Ibn Kasir ya ce ya sanar da shi ne don abin ya zo masa da sauƙi, kuma a ga haƙurinsa. Umarnin Allah ne da babu ja da baya a cikinsa, duk da haka aka zaunar da yaro aka tambaye shi. Ina ga zaɓi tsakanin shago da makaranta?

Suratu Yusuf kuma cike take da hirar gida. A aya ta 4 ƙaramin yaro ya tashi da mafarki, wajen ubansa ya nufa da shi kai tsaye. Yaro ba ya kai mafarkinsa wajen wanda yake shakkar haɗa ido da shi. Uban ya saurara har ƙarshe, ya fahimci abin da yake ƙunshe a ciki, ya ce kada ka ba 'yan'uwanka wannan labari. Ni abin da ya fi jan hankalina yana aya ta 13. Da manyan suka nemi ya bar su su fita da Yusuf, Annabi Yaƙub ya faɗi abin da yake ransa ƙarara: tafiyarku da shi tana baƙanta min rai, kuma ina tsoron kerkeci ya cinye shi kuna shagala. Annabi ne, dattijo, yana gaya wa 'ya'yansa ina jin tsoro, kuma girmansa bai zube ba. Mu iyaye maza a nan abin da ya fi mana wuya ke nan. Mukan ce "a'a" mu haɗiye dalilin.

Haƙƙinki ke ma yana nan. A Suratul Baƙara aya ta 233, in iyaye suna son su yaye jariri kafin ya cika shekara biyu, Allah ya gindaya yardar su biyun da shawara a tsakaninsu. Yaye ke nan. Makomar saurayi mai shekara 19 ba za ta kasa yaye ba.

A Sunna kuwa, Aƙra'u bin Habis ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce ni 'ya'yana goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Idan Nana Faɗima ta shigo kuma miƙewa yake ya tarbe ta, ya kama hannunta, ya zaunar da ita a mazauninsa.

Tsohon Hedimasta:

Malam ya kawo ayoyi, babu mai ja da aya. Amma ni da na ga jiya na ga yau, bari na kare iyayenmu kaɗan, don na ga ana neman a mai da su marasa tausayi.

'Yata, wannan kunyar ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da 'yan rakiya. Ɗan fari a da sau da yawa ma ba a hannun uwarsa yake tashi ba, ana yaye shi kaka za ta ɗauke. Kaka kuwa abokiyar wasa ce, tana ce masa mijina, yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Abin da ba zai iya furtawa gaban uba ba, a ɗakinta yake zazzage shi. Akwai kawu, akwai goggo, akwai baffa ƙarami da shekarunsu ba su yi nisa ba, akwai taubasai. Kafin magana ta iso kunnen uba an tace ta, an san me yaro yake so, an san abin da zai yiwu. Uba yakan yi shiru ne saboda tasa maganar hukunci ce, in ta fita ba ta komawa, don haka ake ajiye ta sai ƙarshe. Ni ɗan fari ne. Baffana ne ya kai ni firamare ya rubuta sunana, amma daga baya na gane wanda ya sayar da tunkiya aka ɗinka min kayan makaranta.

Ku 'yan yanzu kun fita daga gidan gandu, kowa ya ja katangarsa ya sa ƙyauren ƙarfe. Kun tafi da kunyar kun bar kakannin a cikin gari. Aikin mutum shida sai ya faɗo kan mace ɗaya, dole ki gaji. A nan na yarda da ke. Mijinki yana riƙe da rabin tsarin ubansa, ɗaya rabin ba ya gidan.

Sai dai Malam, a riƙa karanta wa yaran nasu kason. A wasiyyar Luƙman, daga aya ta 13 zuwa ta 19, uban ne yake ta magana, ba mu ji inda ɗan ya ce "amma Baba" ba. Annabi Isma'il da aka tambaye shi cewa ya yi aikata abin da aka umarce ka. Yaran yau in ka ce me ka gani, sai su ɗauka an buɗe zaman majalisar dokoki. Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana ko da tsaki ga iyaye. Shi Abban da ya daina cin tuwon gidan ubansa, wannan ma ai magana ce yake yi, kuma ba mai daɗi ba.

Malamin Islamiyya:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, kason yara yana nan daram. Amma biyayya ba ta hana ɗa buɗe baki. A Suratu Maryam, aya ta 42 zuwa 45, Annabi Ibrahim yana saɓa wa mahaifinsa a kan mafi girman al'amari, kuma kowace jimla da "ya babana" yake buɗe ta. Da uban ya yi masa barazanar jifa, cewa ya yi aminci ya tabbata a gare ka, zan nema maka gafara wajen Ubangijina. A Suratul Ƙasas aya ta 26 kuma 'ya mace ce ta ce da mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki domin ƙarfinsa da amanarsa, dattijon bai ce ke wa ya tambaye ki ba, ya ɗauki shawarar har ya haɗa da aure. Batun ƙin cin abinci kuwa gaskiyarka ce, Hajiya ki tsawatar masa.

'Yar Maraɗi:

Yaya, ni ba malama ba ce, amma na zauna da irin mijinki. Nawa direban babbar mota ne, in ya tafi Kwatano sai ya yi makonni, in ya dawo yara su shige ɗaki kamar an yi baƙo.

Abu guda zan roƙe ki. Duk ayoyin nan da Malam ya jero, kada ki kwashe su ki je ki karanta wa Alhaji. Wallahi in ya ji ƙamshin wa'azi daga bakin matarsa a kan ɗansa, ko yana da niyyar sassautawa zai ƙara ɗaurewa. Ba wai ba ki da haƙƙin magana ba. Sayyidina Umar da kansa ya ba da labari, yana cikin Bukhari, cewa wata rana matarsa ta mayar masa da magana ya ji haushi, ta ce masa me zai sa ka ji haushi, matan Annabi ma suna mayar masa da magana. Haƙƙi kam akwai shi. Dabara ake nema.

Ki tuna Ummu Salama a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira. Annabi ya ce sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, har sau uku, baƙin cikin sulhun ya hana kowa motsi. Ya shiga wajenta ya gaya mata. Ta ce fita kada ka yi wa kowa magana, ka soke raƙuminka, ka kira mai yi maka aski. Da suka ga ya yi, kowa ya tashi. Ni a nan na ɗauki darasina: wani ƙullin aiki ne yake kwance shi.

Abin da na yi, na daina karɓar ƙananan saƙo. In ya ce ki ce wa yaron nan ya duba ruwan batir, sai na ce hannuna da ƙullu, ga shi nan a zaure. In yaro ya ce kuɗin lakkol, na ce Babanka yana waje yana shan shayi, kai masa sukari ka faɗa masa. Da fari sun sha wuya su duka biyun, maganar ba ta wuce kalma uku. Sannan na lura maza irin waɗannan ba sa iya hira ido cikin ido, amma in suna gefe da gefe hannu yana aiki, baki yana buɗewa. Nawa a ƙarƙashin mota suka saba, ɗaya yana kwance ɗaya yana miƙa sifana. Ki sa Abba ya riƙa kai masa abincin rana kasuwa. Babban zancen kuwa, na makaranta, ki nemo wanda Alhaji yake jin nauyi. Ba shi da yaya mace?

Ɗan Fari Ni Ma:

Umma, ni shekarata 24, kuma abin da kika rubuta kamar a gidanmu kika leƙa. Ina so iyaye su san wani abu. Ranar da mahaifina ya fara ce min "kai me ka gani?", a kan sayar da wani fili ne, wallahi na ɗauka tarko ne. Na ce duk yadda ka yi daidai ne Baba. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Ya ce ka ga, shi ya sa ba na tambayarku. Alhali ina da magana cike da ciki, ban dai taɓa koyon yadda ake fito da ita a gabansa ba. Don haka ko Alhaji ya kira Abba, kada ku sa ran zaman farko zai haifar da wani abu. Ki gaya wa Abba tun kafin lokacin cewa in an tambaye shi da gaske ake, ya shirya abin da zai ce, a taƙaice, kansa a ƙasa in ya so.

Umman Abba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ɗan ɓace ne saboda abin ya motsa.

'Yar Maraɗi, yana da yaya, ita ce babbarsu, Goggon yara, tana nan cikin gari. Na je na same ta. Ta kira shi ta rufe ƙofa, ni ina tsakar gida da jikokinta. Abin da ya fito ban taɓa kawo shi a raina ba. Ashe tun ambaliyar da ta shiga Kwari a daminar 2022 ta jiƙa masa diloli bai gama miƙewa ba. Kayan na bashi ne. Yana cikin biya dala ta tashi a 2023, abin da zai sayar yau ba zai sayo masa irinsa gobe ba. Yaran shagonsa biyu ya sallami ɗaya. Kuɗin rajista da na ɗaki da na abinci a Zariya ba ya jin zai iya ɗauka a bana, ga ƙanne huɗu a makaranta. Shi kuma a ce ya dubi ɗansa na fari ya ce "ba ni da shi", ya gwammace a ce masa mugun uba. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban sani ba, don cefane bai canja ba. Da na yi masa ƙorafi da daddare cewa ya yi, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Sannan ya ce kada na kuskura yaron nan ya ji.

Abba ya fara kai abinci kasuwa. Ya ce min jiya Baba ya sa shi ya auna wa wani shadda, da ya gama ya ce masa awonka ya fi na yaron shago. Yana ba ni labarin yana murmushi, amma har yanzu a ransa Baba ƙin boko yake yi. Rajista kuma ba za ta jira mu ba. Malam, in na faɗa wa Abba gaskiyar magana na ci amana? Don ina ganin in ya sani, rabin fushin zai tafi.

Malamin Islamiyya:

Kada ki faɗa masa, Hajiya. Ya ce ki riƙe, ya zama amana. Farkon Suratut Tahrim a kan irin wannan ne, Annabi ya ba ɗaya daga matansa sirri ta faɗa wa wata, har Allah ya saukar da aya a kai. Kuma in daga bakinki Abba ya ji, kin sake zama 'yar aiken da kika ce kin gaji da zama. Ki koma wajen Goggo. Wadda ta iya sa shi ya faɗa mata za ta iya zaunar da su biyun a ɗakinta, ta buɗe zancen, shi ya ƙarasa. Ba sai ya lissafa wa yaro bashinsa ba. "Bana kasuwa ta yi nauyi" ta wadatar.

Ɗan Fari Ni Ma:

Umma, in matsalar kuɗi ce akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a kansa. Kuɗin makaranta kai tsaye suke biya wa jami'a, sannan akwai naira 20,000 duk wata ta ɗawainiya ga wanda ya nema, biya kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Ana bukatar lambar JAMB da NIN da BVN, a intanet ake cikewa. Abin lura, sai makaranta ta tura sunan ɗalibi tukuna, kuma kuɗin yakan ɗauki lokaci, don haka rajistar farko sai an nemo ta wata hanya, ko Goggo da kawunnai su haɗa. Abba zai iya cikewa a wayarsa, amma kada ya taɓa sai an yi zaman nan, don in Alhaji ya ji daga baya cewa ɗansa ya ci bashi da sunan karatu bai sani ba, sabuwar rigima ce. In an kai wajen, ki yi min magana a nan na nuna masa matakan.